Gidan Peugeot: Daga Maƙerar Zarto Zuwa Kakuri

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan tsakanin shekarar 1975 da ƙarshen ƙarnin da ya shige, ko ɗan birni ne ko mutumin karkara, ko ma'aikacin hukuma ne ko ɗan tireda mai bin kasuwannin ƙauye, da wuya a ce bai taɓa shiga motar Peugeot ba, wadda mutanenmu ke kira Fijo, domin a wancan zamani ita ce motar gwamna da alƙali da basarake, ita ce kuma motar haya mai jiran fasinja a tashar Kano da ta Damagaram. Amma duk da wannan dogon sabo, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa binciken asalin gidan da ya ƙera ta, alhali kuwa a cikin tarihin gidan nan akwai abin da zai bayyana mana sababin ƙarkon motar, ya kuma bayyana mana dalilin da ya sa masana'antar da aka gina mata a Kaduna ta bunƙasa cikin hanzari, sa'an nan ta durƙushe tun waɗanda suka ga buɗe ta ba su tsufa ba.

Peugeot sunan zuriya ne, kuma asalinsu daga wata ƙaramar ƙasa ce da ake kira Montbéliard, a gabashin Faransa, daf da iyakar Suwizalan, ƙasar tuddai da dazuzzuka da ƙoramu masu gudu, wadda ta daɗe a ƙarƙashin sarakunan Württemberg na Jamus kafin Faransa ta haɗiye ta a 1793. A wancan zamani mutanenta galibi Kiristoci ne mabiya tafarkin Luther, waɗanda aka sani da tsimi da tanadi da ƙyamar almubazzaranci, kuma wannan ɗabi'a ta bi zuriyar Peugeot har cikin motocinsu. Kakanninsu manoma ne da masu niƙa da masu sana'ar saƙa da rini. A shekarar 1810, zamanin da Napoleon ya toshe ciniki tsakanin Ingila da sauran Turai har kayan ƙarfen Ingila suka yi wuyar samu, sai wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka dubi maniƙar hatsin da suka gada a wani wuri mai suna Sous-Cratet, wadda ruwan ƙorama ke juyawa, suka mai da ita maƙera, suka shiga narka ƙarfe suna murza shi falle-falle, suna sayar wa maƙwabtansu masu ƙera agogo, suna kuma yanka zarto daga cikinsa.

Wajibi ne mai karatu ya dakata a nan, domin a ganina nan ne tushen al'amarin duka. Daga wannan shekara zuwa ranar da gidan ya fitar da motarsa ta farko an yi kusan shekara 80, kuma a tsawon wannan zamani ba su da wani aiki sai mu'amala da ƙarfe: zarto da kayan aikin kafinta, ƙarafan laima, injin niƙa gahawa wanda suka fara a 1840, na niƙa masoro wanda ya biyo baya a 1874, har da zobban waya da matan Turawa na lokacin ke sawa ƙarƙashin tufafi don rigunansu su buɗe. Maƙeranmu sun san cewa ƙarfen da ya cika tauri karyewa yake yi, wanda kuma ya cika laushi lanƙwashewa yake yi, kuma gwanintar maƙeri tana wajen samun tsakaitawa. To, ilmin nan na tsakaitawa shi ne abin da kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, a gidan Peugeot da gidajen ma'aikatansu. Hoton zakin da muke gani a goshin mota ma a jikin zarto aka fara buga shi, wani maƙerin zinariya na Montbéliard mai suna Justin Blazer ya zana, aka yi masa rajista a 1858, don ya zama shaida ga mai saye, ko da bai iya karatu ba, cewa haƙoran zarton nan masu ƙarfi ne, jikinsa kuma yana tanƙwaruwa ba ya karyewa.

Wanda ya karkata gidan zuwa ga abin hawa shi ne Armand Peugeot, jikan Jean-Pierre, wanda aka haifa a 1849, ya kuma yi zama a birnin Leeds na Ingila yana nazarin sana'ar ƙarfe, inda ya ga yadda keke ke shiga zukatan jama'a. Da ya komo gida sai ya matsa har aka fara ƙera keke a 1882, abin da bai yi musu wuya ba tun da yake waya da bututun ƙarfe sana'arsu ce. A 1889, a babban bajekolin birnin Faris, ya nuna wata mota mai ƙafa uku wadda tururi ke tafiyar da ita, da suka haɗa shi da wani injiniya Léon Serpollet. Amma da ya ga nauyin tukunyar ruwanta da wahalar hura mata wuta, bai tsaya taurin kai ba, ya watsar da tururi, ya koma ga injin fetur na Bajamushen nan Gottlieb Daimler, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faransa bisa izini. Motar fetur ta farko ta fito a 1890, kuma a shekara mai bi mata aka sa wata ta raka masu tseren keke daga Faris zuwa Brest da komowa, ta yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000 in an haɗa da zuwanta daga masana'anta da komawarta, tafiyar da ba a taɓa jin motar fetur ta yi irinta ba kafin nan.

Sai dai wannan sha'awa ta Armand ta haifar da husuma tsakaninsa da ɗan baffansa Eugène, wanda suke riƙe da dukiyar gidan tare, kuma wanda yake ganin mota wasan attajirai ce da za ta cinye ribar zarto da keke a banza. Ba daidai ba ne a ɗauki Eugène a matsayin marar hangen nesa, domin a 1892 motoci 29 kacal aka yi, kuma mutumin da aka damƙa wa amanar abincin dubban ma'aikata yana da hujja idan ya yi taka-tsantsan. Da abin ya ƙi daidaituwa sai suka raba gari a 1896, Armand ya kafa nasa kamfanin na motoci a Audincourt, ya soma ƙera injinsa na kansa, har ya kai motoci 300 a 1899. Ikon Allah, bayan 'yan shekaru sai ga 'ya'yan Eugène da kansu sun shiga ƙera mota da sunan Lion-Peugeot, kuma da yake Armand ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi, aka yi sulhu a 1910, aka mai da gida ɗaya, ragama ta koma hannun Robert ɗan Eugène, kāna a 1912 aka kafa masana'antar Sochaux wadda ta zama cibiyar kamfanin.

Ba zan tsawaita a kan tsere ba, ko da yake motocinsu sun ci babbar gasar Faransa a 1912, sun kuma ci ta Indianapolis a Amurka sau uku tsakanin 1913 da 1919, da wani inji wanda masu ƙera motocin tsere suka daɗe suna kwaikwayo. Abin da ya fi wannan amfani ga kamfanin shi ne ƙaramar motar da suka fitar a 1929, mai lamba 201, wadda sauƙin kuɗinta ya tsallakar da su matsin tattalin arzikin da ya halaka kamfanonin mota da dama a shekarun da suka biyo. Da ita aka soma al'adar sa wa mota lamba uku da sifiri a tsakiya, suka kuma yi wa tsarin rajista ya zama haƙƙinsu, ta yadda a 1964, da kamfanin Porsche ya zo sayar da sabuwar motarsa mai lamba 901, ala tilas ya sauya ta zuwa 911.

Babbar jarrabawa ta zo musu a yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Jamusawa suka mamaye Faransa a 1940, suka ɗora hannu a kan Sochaux, suka tilasta ta yin kayan yaƙi, daga baya ma suka sa ta ƙarƙashin kulawar Ferdinand Porsche. A watan Yuli na 1943 jiragen saman Ingila suka zo da dare don su rushe masana'antar, amma galibin bama-baman suka kauce suka faɗa kan unguwannin jama'a, suka kashe fararen hula fiye da 100. Bayan wannan musiba ne wani jami'in asirin Ingila mai suna Harry Rée ya sadu da Rodolphe Peugeot, ya nuna masa cewa in dai mutanen gidan za su taimaka a lalata manyan injuna daga ciki, babu bukatar jirage su komo. Aka amince, kuma a watan Nuwamba ma'aikatan da suka san kowane lungu na masana'antar suka dasa nakiyoyi a jikin injunan da su da kansu suke kula da su. Hukunci ne mai nauyi, mutum ya sa hannu a rushe gadon gidansu don ya tsirar da rayukan maƙwabta, kuma ya jawo an kama manyan ma'aikata da dama an kai su sansanonin Jamus, wasu ba su komo ba. Da Jamusawa za su janye a 1944 sai suka kwashe abin da ya rage na injuna, suka bar gini kusan wayam.

Daga wannan kango aka fito da 203 a 1948, kuma shekaru da dama ita kaɗai kamfanin ke ƙerawa, yana gyara ta sannu a hankali, ba ya gaggawar sauya fasali don burge mai kallo. Haka 403 ta zo a 1955, wadda gidan zanen Pininfarina na Italiya ya tsara jikinta, ita ce kuma ta fara haura miliyan ɗaya a tarihinsu. 404 ta biyo a 1960. Kāna 504 a 1968, wadda fitowarta ta yi jinkiri saboda babban yajin aikin da ya girgiza Faransa a shekarar, yajin da a cikinsa ma'aikata biyu suka rasa rayukansu a Sochaux ranar 11 ga Yuni wajen arangama da 'yan sanda, abin da ke nuna cewa kyautatawar da aka san gidan da ita ga ma'aikata, ta gidaje da asibiti da asusun taimako, ba ta hana gaba tsakanin mai dukiya da mai ƙwadago ba. A Turai ana yi wa motocin nan kallon na dattawa masu tsantseni, amma abin da ya sa aka ce ba su da ƙyale-ƙyale shi ne ya sa suka dace da Afirka: cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, sifirin da shokozobansu, waɗanda kamfanin ke ƙerawa da kansa, suna shanye gargada, ƙafafun baya ne ke tura mota, inji kuma ba shi da wani sirri da zai gagari bakaniken da ke aiki a gindin bishiya da sifana da guduma. Shaidar wannan ta bayyana a tseren Safari na gabashin Afirka, inda 404 ta yi nasara a 1963, ta sake yi shekara uku a jere daga 1966 zuwa 1968, 504 kuma ta ci a 1975.

A Nijeriya, kamfanin SCOA ne ya riƙa shigo da motocin tun kafin samun mulkin kai. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka soma kwarara, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙuduri aniyar a riƙa haɗa motoci a cikin gida, aka ba Volkswagen Ikko, aka ba Peugeot Kaduna, daga baya kuma aka rarraba masana'antun manyan motoci: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. An kafa kamfanin haɗa motocin Peugeot na Nijeriya, watau PAN, a watan Disamba na 1972, tarayya tsakanin gwamnati da Faransawa da wasu masu jari na gida, Gowon kuma ya buɗe masana'antar a unguwar Kakuri ta Kaduna a watan Maris na 1975, 'yan watanni kafin a hamɓarar da shi. A daidai lokacin tashar jiragen ruwa ta Apapa ta cushe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, jirgi kan yi watanni bai samu an sauke masa kaya ba, don haka aka yi abin da ba safai ake ji ba a wannan sana'a, watau aka riƙa ɗauko sassan mota ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a haɗa. Irin wannan ɗawainiya ba ta yiwuwa sai a ƙasar da kuɗinta ke da daraja, kuma a lokacin naira ta fi dalar Amurka.

Da Allah ya yi wa Janar Murtala rasuwa a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tafarkin rage ƙawa a hukuma, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata har da shugaban ƙasa, kuma da yake a wancan zamani malamin makaranta ko akawu da ya kai wani matsayi yana iya karɓar bashin mota daga hukuma ya riƙa biya daga albashi, kasuwar ta buɗe ƙwarai. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da motoci fiye da 50,000 a shekara, da ma'aikata dubbai, kuma Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin a wajen Turai. Mai dogon baya ta zama motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kura ta zama ta manomi da ɗan kasuwa, J5 kuwa ta ɗauki tumatir da albasa da masu su gaba ɗaya.

Wani abin lura shi ne, a daidai shekarun da Kaduna ke cikin ni'ima, uwar kamfani a Faransa tana cikin ƙunci. Gidan da aka sani da ƙana'a ya shiga haɗiye abokan sana'a: ya karɓi Citroën daga hannun Michelin tsakanin 1974 da 1976, aka kafa rukunin PSA, sa'an nan a 1978 ya sayi reshen Chrysler na Turai da tsofaffin masana'antunsa da basussukansa, ya laƙaba wa motocin sunan Talbot wanda bai karɓu ba. Tsadar mai ta 1979 ta same su da wannan kaya a ka, suka yi shekaru suna hasara har aka soma maganar durƙushewa. Abin da ya cece su ƙaramar mota ce, 205, da ta fito a 1983, aka sayar da fiye da miliyan biyar, tare da tsaurin shugaban kamfanin, Jacques Calvet, wanda ya rage ma'aikata da yawan gaske. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga zakin a wannan zamani da idonsu, domin motocin Peugeot ne suka ci tseren Faris zuwa Dakar shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, tseren da ke ratsa Agadas da hamadar Tenere.

Mu kuwa namu ƙuncin ya zo ne da faɗuwar farashin mai, sa'an nan da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 a zamanin Janar Babangida, wanda ya karya darajar naira, ya mai da sabuwar mota abin da albashi ba ya kaiwa, ya kuma buɗe ƙofa ga tsofaffin motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano. Galibi a nan masu sharhi kan tsaya, su ɗora laifi a kan wannan tsari da kuma hukumomin da suka juya wa Fijo baya suka koma sayen motocin Japan, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ni ina ganin ciwon ya riga wannan. Abin da aka kawo Kakuri reshe ne aka yanko aka kafa a ƙasa, ya yi ganye muddin ana ba shi ruwa, saiwar kuwa tana can Montbéliard. Haƙiƙa an yi ƙoƙarin samar da wasu kaya a gida, kamar taya da batir da kujeru da fenti, amma inji da giya da fallen ƙarfen da ake buga jikin mota da shi duk daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake biya, don haka duk ranar da naira ta faɗi motar Kaduna ta tashi tamkar wadda aka shigo da ita ɗungurungum. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka soma da taimakon Rasha a ƙarshen shekarun 1970, ba a kammala ta ba. Na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodin gini aka tsara su yi. Ga shi kuma ba mu rasa hannu ba, domin wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga abin da samari ke ƙerawa daga tarkace zai san akwai basira, sai dai ba a taɓa haɗa ta da jari da ilmi mai tsari ba.

Duk da haka 504 ta ci gaba da fitowa daga Kakuri fiye da shekara 20 bayan an daina ƙera ta fasinja a Faransa a 1983. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors, bashi ya yi nauyi, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓi ragama a 2012. A wannan shekarar dai uwar kamfani ta yi hasarar kimanin yuro biliyan biyar, bayan kasuwar Turai ta tsuke, takunkumi kuma ya raba ta da Iran inda take da ciniki mai yawa. Husumar da ta raba Armand da Eugène ta sake kunno kai tsakanin jikoki, Thierry yana son gida ya riƙe ikonsa ko ta halin ƙaƙa, wani Robert ɗin kuma, ba ɗan Eugène ba, yana ganin maslaha ita ce a shigo da baƙi. Ra'ayin Robert ya rinjaya, a 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka zuba jari, kowannensu ya sami kimanin kashi 14 cikin 100, daidai da abin da ya rage wa zuriyar, bayan shekara 200 da ɗoriya suna da ta cewa su kaɗai. Sabon shugaba, Carlos Tavares, ya farfaɗo da kamfanin, ya sayi Opel da Vauxhall a 2017, kāna a watan Janairu na 2021 aka haɗe da Fiat Chrysler aka kafa Stellantis, inda Peugeot ta zama suna ɗaya cikin sunaye 14.

Da kamfanin ya tashi gina babbar masana'anta a Afirka a wannan ƙarni, Maroko ya nufa, ya buɗe ta a Kenitra a 2019, domin mutanen can sun riga sun tanadi tashar jiragen ruwa da layin dogo da makarantun koyon sana'a da ɗimbin ƙananan kamfanoni masu yin sassan mota, har ana haɗa inji a wurin, kuma fiye da rabin kayan motar daga cikin ƙasar ake samu. A Kaduna kuwa, a 2022, kamfanin Dangote da haɗin gwiwar wasu gwamnatocin jihohin Arewa da Stellantis ya buɗe sabuwar masana'anta a kan hanyar Abuja, aka soma da 301. Ina yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya, domin kowane saurayi da ya sami aiki a cikinta riba ce. Amma har yanzu a cikin akwatuna manyan sassanta ke isowa daga ƙetare, babban tanderun Ajakuta kuma ba a hura shi ba.